Ka Dawo Gobe

Da layi ya zo kansa na gane shi: tsohon manjo, wato shugaban ma'aikatan jinya na asibitin ƙauyenmu, wanda ya ce wa mahaifiyata, alhali tana zubar da jini, "An tashi, ku dawo gobe." Ba ta kai goben ba.

Yau na dawo Dungas cikin ɗaliban jinya daga Kano, muna duba marasa lafiya kyauta. Ya miƙo ƙafarsa mai ruɓa.

"'Yata, ki taimake ni."

Maganin gyambonsa yana cikin akwatin da ke gabana. Na rufe akwatin.

"Baba, an tashi. Ka dawo gobe."

Ya yi godiya, ya ɗingisa ya fita. Gobe da asuba motarmu za ta koma Kano.