Maginiya da Amon Randa

Zauna, ɗan nan, ka daina wannan huci don kawai an ce matarka ta koma a sake ɗibar jininta. Bari in ba ka misali.

A garinmu, can baya lokacin da ruwan randa ne ruwan sanyi, an yi wata maginiyar tukwane a bakin kududdufi. Allah sarki zamani. Da hantsi ƙamshin yumɓu da hayaƙin kara kan cika unguwa, mata na tsaitsaye da goyo suna jiran a kwashe gashin tukwane. Matar nan tana da wata ɗabi'a da kowa ya san ta da ita: ba ta sallama tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ta kara kunne. Wadda ta yi amo tangaran, ta wuce. Wadda amonta ya dushe, ko ta fi duka kyau, sai ta janye ta gefe, ta cika ta da ruwa ta kwana, da safe ta duba ko ruwan ya sami tsaga ya bi. Mai gaggawa ya yi ta mita, ita ko a jikinta.

Sai dai a ɗakinta akwai ciwon da hannunta bai iya gyarawa ba. 'Yarta ta fari ce kaɗai ta rayu. Duk wanda ya biyo baya sai ya zo, idonsa ya yi rawaya, jikinsa ya yi rawaya, kafin ranar suna ya koma. Aka ce wabi ne. An huda kunne, an kai jariri kan juji an ɗauko, an sha saiwoyi masu ɗaci, duk abin da aka sani an yi. Kowane ciki takan gina sabuwar tukunyar wankan jego, kuma takan yi wankan har ya cika, ba ɗa a cinya. Tukwanen nan ba ta sayar ba, ba ta fasa ba. Ta kife su a bayan ɗaki, tana wucewa tana kau da kai.

Kwanci tashi, 'yar nan tilo ta yi aure, ta sami ciki, aka kawo ta gida goyon ciki. A lokacin an buɗe ƙaramin asibiti a garin, yarinya tana zuwa awo: a ɗora ta kan sikeli, a ɗaure mata dantse a auna jini, a duba fitsari, a saurari bugun zuciyar abin da ke ciki. Wannan duka uwar ta haƙura da shi. Amma ranar da yarinya ta dawo ta ce an ga wani abu a nau'in jininta, ana so a sake gwadawa, har da na mijinta, sai maginiya ta murtuke. Mai ciki da ke neman jini, ita za a riƙa tsotsa da allura? Ga yarinya shar da ita, tana ci tana sha, fata na sheƙi. Uwar ta ce ba inda yarinyar za ta. Gaskiyar magana tsoro ne ya cika ta: gani take in aka tona, za a tono abin nan da ya cinye mata 'ya'ya, gara a bar shi yana barci.

Washegari ta kwashe gashi. A ciki akwai wata randa, ja wur, sumul, irin wadda mai gini kan tsaya ya yaba wa kansa. Ta ƙwanƙwasa, amo ya dushe. Hannunta da kansa ya janye randar gefe ya nufi tulun ruwa, kamar yadda ya saba tun tana budurwa. Nan ta tsaya cak. Ita da ba ta yarda da kyan randa sai ta jarraba ta sau biyu, yau ita ce ke yarda da kyan fuskar 'yarta? Ta wanke hannu, ta yafa zane, ta ce wa 'yarta, “Tashi mu je.”

Aka gwada. Ma'aikaciyar jinya ta yi musu bayani a hankali: jinin yarinya irin wanda ba ya shiri da na ɗan da ke cikinta ne. Na fari yakan tsira, amma jikin uwa yakan riƙe abin, ya yaƙi waɗanda za su biyo baya, sai dai in an yi mata wata allura tun da ciki, a ƙara wata da ta sauka. Nan take maginiya ta gane. Labarin rayuwarta ne ake karanta mata, daga bakin wadda ba ta taɓa ganin bayan ɗakinta ba. Ta yi kuka, na baƙin ciki da na godiya a haɗe.

An yi allurar. Na fari ya zo, na biyu ya zo ya zauna, na uku ma haka. Ni na ga tsohuwar nan da idona a ƙarshen kwanakinta, ta tayar da tukwanen da ta kife, ta cika su da ruwa, jikoki na facal-facal a ciki suna ɓata mata tsakar gida. Takan dube su ta ce, “Ni dai a zamanina ba a sami mai ƙwanƙwasa ni ya ji amona ba.”

To kai an samu, kana fushi. Tashi ka raka matarka, in sun nemi naka jinin ma ka miƙa hannu. Masu iya magana sun riga sun gama mana: sai an gwada akan san na ƙwarai.