Farfesun da Na Cinye

Ina ɗan shekara tara a lokacin, a gidanmu na Ƙofar Marke. Baba mahauci ne, amma ya yi makonni ba shi da lafiya, ko ƙamshin nama ba ya so. Da la'asar Inna ta miƙo mini kwanon farfesun kaza mai ƙamshin citta da kanumfari, ta ce in kai masa, in tsaya har ya ci.

Na same shi jingine da bango, rigarsa ta yi masa yawa. Ya buɗe kwanon, ya kawar da fuska. Ya ɗauki cokali, ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Zamna nan," ya ce. "Canye shi maza. In ta tambaya, ka ce ni na ci. Ba ni son ta ƙara kuka."

Ban yi musu ba ko kaɗan. Ba yunwa nake ji ba, kwaɗayi ne kawai. Na cinye har romon.

Da Inna ta ga kwanon wayam, ta yi hamdala, ta leƙa ta katanga ta kira Baffa, ƙanen Baba. "Ya ci, wallahi duka. A dakata da maganar asibitin nan tukuna."

Ina bayanta ina goge maiƙo a wandona. Sai bayan wata guda aka kai shi, bai kuwa dawo ba.

Inna tana wurina yanzu a Mabera. Har yau takan ce farfesunta ne abu na ƙarshe da ya ci da marmari. Nakan je bakin ƙofarta da niyyar faɗa mata gaskiya, in yi sallama, in tambaye ta ya jiki, in juyo.