Sinariyo na Huɗu

"Sinariyo uku ne, Baba," in ji Aina'u, wadda ta dawo hutu daga kwalejin noma. Tana biye da mahaifinta a tsakar gida.

Malam Dabo ya kasa zama. Ya leƙa gabas, ya dawo ya kurɓi fura, ya sake leƙawa. Maƙwabta duk sun yi binne, sun zuba irinsu a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa. Shi kuwa gero tiya huɗu kacal ya ware na iri.

"Mene ne kuma sinariyo?"

"Turanci ne. Abin da zai iya faruwa amma bai faru ba tukuna. Na ɗaya, mu binne, ruwa ya sauka sosai. Na biyu, a yi yayyafi, iri ya tsiro ya ƙone. Na uku, ruwa ya yi jinkiri, zabi su tone su cinye."

"To wanne zai faru?"

"Kalmar ba ta faɗin wannan, Baba."

"Ashe ba ta da amfani!" Ya dire ƙwaryar. "Larai, ɗauko min irin nan. Yau zan binne, Allah ya zaɓa mana."

Matarsa Larai ba ta ɗago daga wanke-wanke ba.

"Malam, rumbu ya ƙare tun Juma'a, ba wanda ya tambaye ni. Furar da kake sha kwana biyar, daga ina kake zaton take?"

Ya dubi ƙwaryar. Can gabas hadari ya yi cida.

Larai ta juyo. "Aina'u, wannan na nawa ne a lissafin naki?"