Yatsun da Igiya ta Cinye

Shekarar fari, zamanin soja, Na Allah ya zo Tasawa dangwala yatsa a takardar tafiya Abijan. Sau uku jandarma yana danna yatsansa, zane bai fito ba, igiyar rijiya ta cinye shi.

"Shafa man kaɗe, ka dawo bayan sati biyu."

A waje ya tarar da Furera, maƙwabciyarsu mai tallan man. Ta buɗe kwano, ta dubi yatsun da suka shekara suna ja mata guga.

"In sun warke, tafiya za ka yi?"

"I."

Ta rufe kwanon a hankali.

"Ya ƙare, Yaya."

Kwanon kuwa cike yake. Na Allah ya ninke takardar, ya ce, "Babanki na gida gobe?"