Bakin Rafi

Matar ta shigo shagon bayan La'asar, lokacin da Hatim ke naɗe igiyar tanti. Kayan fita sahara yake sayarwa a unguwar Ka'akiyya: tantuna, murhun gas, da fatsar masu zuwa kamun kifi a Jidda. Cikin niƙabi take, ta yi sallama da Larabci, sannan ta juya Hausa irin ta Sakkwatawa.

Ta ce an gaya mata ya yi karatu a Kanada. Ɗanta Nu'uman yana can, a Manitoba, kuma abokansa sun matsa masa su je kamun kifi a kan daskararren tafki ƙarshen makon nan. Sanyi bai daɗe da shigowa ba. Ita ba ta san komai game da ƙanƙara ba sai wadda ake sawa a lemo, kuma hankalinta ya ƙi kwanciya.

Hatim ya jawo mata kujera, ya zuba mata shayi. Ya daɗe bai yi wannan hira ba. Matarsa Dalal ba ta son a ambaci Kanada a gida.

Ya fara da kauri. Ƙanƙarar farkon sanyi, in ji shi, ita ce ta fi ba da kifi, ita ce kuma ta fi cin mutane. Kada yaron ya taka sai ta kai santimita goma, kuma ta zama mai haske, wadda ake hango ruwa ta cikinta. Fara mai kama da madara rabin ƙarfi gare ta. Inda dusar ƙanƙara ta lulluɓe ma abin tsoro ne, domin tana hana ta ƙasa yin kauri.

Matar ba ta rubuta komai ba. Ta haɗa hannuwanta a cinya tana sauraro.

Ya koma kan kaya. A riƙe doguwar sanda mai kan ƙarfe, a doki ƙanƙara kafin kowane taku. In ruwa ya tsattsafo, a juya ta inda aka fito. A rataya tsinkayen ƙarfe biyu masu mariƙi a wuya, domin wanda ya faɗa, da su yake cakar ƙanƙara ya jawo kansa. Hannu kawai ba ya kama komai a wurin. A sa rigar da ke hana nitsewa. Na baya ya riƙe igiya, ya bar tazara.

Ta tambaye shi wanda ya koya masa duk wannan.

Ya yi murmushi. Wani tsoho ne maƙwabcinsa, a sanyinsa na farko, shekarar 2009. Sanyi uku yana bin tsohon duk ƙarshen mako, har ya kai ga yana gane ƙanƙara da sautinta.

"2009," ta maimaita a hankali.

Shayinta ya huce ba ta taɓa ba. Wani mutum ya leƙo yana tambayar farashin murhu, Hatim ya sallame shi, shagon ya koma shiru sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki.

Ta tambayi wurin da ya fi haɗari a tafki.

"Bakin rafi, Hajiya," in ji shi. "Inda ruwa ke shigowa. Daga sama ba ki ganin bambanci, amma ruwa mai gudu yana cin ta daga ƙasa. Duk wanda ya san ƙanƙara ba ya kai mutum wurin."

Sai ta tambaya ko ya taɓa ganin wanda ya faɗa.

Hatim ya kalli igiyar da ke hannunsa. Ya sha ba da labarin, ya san inda yake sassauta murya. Abokinsa ne, Abdulƙadir, ɗan unguwar Nakkasa, ɗaki ɗaya suke kwana a can. Ƙarshen Nuwamba, 2012. Abdulƙadir bai taɓa zuwa ba, yana ta zumuɗi, ya wuce gaba. Ba a ji wata ƙara mai ƙarfi ba. Yana tsaye, sai babu shi. Saura wata huɗu ya dawo gida a ɗaura masa aure.

Ta tambayi tsinkayen wuya. Ya ce guda ɗaya suka zo da shi. Ba ta tambayi wuyan wa yake ba, shi ma bai faɗa ba. Ta tambayi igiya. Ya ce an manta da ita a mota.

Ya ce ƙaddara ce, Allah ya jiƙansa. Ya ƙara da cewa in tana so ta ba shi lambar Nu'uman ya yi masa bayani da kansa.

Matar ta miƙe. Ta ciro wata tsohuwar takarda daga jaka, ta shimfiɗa a kan tebur. Rahoton 'yan sandan can ne, da fassarar Larabci maƙale a bayansa. Ta ce a akwatin mahaifiyarta ta same shi watan jiya, bayan rasuwarta. Tsohuwar ta adana shi shekaru ba wanda ya karanta mata. Ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya: an ciro gawar a bakin rafi, wurin da abokin mamacin ya zaɓa.

Hatim ya ajiye igiyar.

"Ba ni da ɗa a Kanada," in ji ta. "Ni ce Ruqayya, yayar Abdulƙadir. Ina bayan labule ranar da ka dafa Alƙur'ani a gaban mahaifiyarmu ka rantse ba ka taɓa taka ƙanƙara ba sai ranar da kuka je da shi, kuma ina wurin, bayan shekara guda, ranar da ka auri Dalal ɗin da aka sa masa rana da ita."