Taiki Biyu na Irin Gero

Ƙaya ta sake sukar Yabawa a tafin hannu, amma ba ta saki reshen ba sai da ta toshe ƙofar baya ta gidan da shi.

Ba ta jima da tarewa a Gure ba. Mijinta Fannami ya bi ayarin kanwa, kuma da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mata kashedi da muryar nan tasa da ake ji har rijiya.

"Taikin nan biyu na irin gero, su ne ranmu. Fara ta cinye na kowa, wanda ya rasa iri bana ya rasa shuka. Kada ki ba kowa, ko da kuka ya zo. Sai dai Baba, in ya shigo daga Bune."

"To," ta ce wa ƙasa.

A gidansu na Gidigir ba a taɓa ba ta ajiyar abin da ya fi ludayi ba. Don haka ta ɗauki aikin da gaske. Ta haƙa rami a ƙarƙashin gadon kara ta binne taikin. Ta ja igiya a mashiga, ta rataya mata ƙore da tasoshi, yadda duk wanda ya taɓa za su yi kururuwa. Ta barbaɗa toka a tsakar gida don ta riƙa karanta sawu da safe.

Tarkon ya fara da kama kaza. Daga nan ya kama ita kanta, har sau biyu. Mai nono da ta cika kallon ƙofar ɗaki kuwa, Yabawa ta sallame ta, ta koma dama fura da ruwa tsura.

Ran nan da hantsi ta ji gyaran murya irin ta manya.

"Salamu alaikum. Yaron nan bai dawo ba?"

Duk duniya wa zai kira Fannami, da gemunsa, yaron nan? Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta durƙusa, ta juya baya. Ƴar mutunci ba ta kallon fuskar surukinta. Ko ranar biki, gefen rigarsa kawai ta hango ta ƙarƙashin zane.

"Sannu da zuwa, Baba," ta ce, da muryar da ita ma da ƙyar ta ji. Sai ta ji takunsa ya nufo mashiga. "Baba, a tsallake igiya."

Ya tsaya. "Ke kika ɗaura wannan, ɗiyata? Kai, madalla. Akwai wata?"

Babu babban da ya taɓa yaba mata a kan komai. Daɗi ya kama ta har wuya. Fuskarta na bango, yatsanta na nuni, ta faɗa masa duka: ƙayar baya, tokar, da ramin da ke ƙarƙashin gado.

"Kin yi hankali," ya ce. "Amma ɓarayi sun yi yawa a garin nan, ke kuma ke kaɗai ce. Gara irin ya kwana a rumbuna."

Ta ce a ranta, ka ji manya. Ita da ta yi kwanaki tana fama da igiya, wannan dabarar ba ta zo mata ba.

Da yake ya ce bayansa na ciwo, ita ta tone ramin, ta ja taikin har gindin jakinsa, ta ɗaure su tam da igiyar guganta. Ta dama masa fura, tana jin kunyar rashin nono. Ya shanye, ya sa mata albarka mai tsawo. Don kada idon miyagu ya ga kayan a bi shi, ta janye ƙayar ta fitar da shi ta baya, sannan ta mayar da ita yadda take. Tokar kuwa ta share ta tas, don kada ta taka sawun surukinta, ta barbaɗa sabuwa.

Ranar da Fannami ya dawo da la'asar, tasoshin suka yi ihun da har jakunan maƙwabta suka amsa. Ya kwance igiyar daga ƙafarsa yana dariya. Ta lura akwai baƙo a bayansa, sai ta ja mayafi ta durƙusa.

"Gida lafiya?"

"Lafiya lau. Ko tsinke ba a ɗauka ba."

"Irin fa?"

"Yana wurin Baba." Ta kasa ɓoye murmushi. "Shekaranjiya ya zo da kansa ya ɗauka. Har ya ce na yi hankali."

Fannami ya daina dariya. A hankali ya juya wajen tsohon da ke tsaye a bayansa, mahaifinsa, wanda tun fitarsa ya biya Bune ya ɗauka suka yi fataucin nan kafaɗa da kafaɗa, ya ce, "Baba, yaushe ka zo?"