Ƙarfen Ne Ya Shiga Wuta

Mai ɗinki ba ta ɗago daga kan kekenta ba da saurayinta mai aski ya shigo, zobe a aljihu. Talabijin ɗin shagon na maimaita shirin jiya, inda jirgin 'yan sama jannati ya kama da wuta.

Ya ce, "Sun ɓata shirin nan. Kyaftin ya zuba wa yarinyar kalamai, ta bi mutum-mutumi? Ƙarfe fa!"

"Ƙarfen ne ya shiga wutar ya ɗauko ta."

Ya ciro zoben yana murmushi. "Ke dai kin san zuciyata."

Sai a lokacin ta dube shi. "Ranar da ruwa ya ci shagon nan, ina zuciyar take?"

Ya mayar da zoben aljihu.

"Matsa, kyaftin. Ka tare mini haske."